Injin da Ya Shanye Maganin Dikko

Tun daga Kwanar Dangora Mujitaba yake tuƙi kamar wanda ya ɗauko mai naƙuda. Shi da 'yan acaɓar Yako suke kira Guguwa, yau ga shi yana lallaɓa babur, yana kauce wa kowane rami, in ya hango taɓo ya sauke ƙafa biyu ya tura. Jim kaɗan hannunsa ya koma baya ya shafa kwalin da ya ɗaure da roba, wai ya ji ko yana nan. Wani abokin sana'arsa ya zo wucewa ya danna masa hon.

"Guguwa, yau ƙwai ka ɗauko ne?"

"Iska ce," in ji shi. "Ta kwali."

Wancan ya kwashe da dariya ya ƙara mai. Amma Mujitaba bai yi ƙarya ba. Injin tace iska ne a kwalin, kuma saboda Baffa ya sayo shi.

Baffa shi ne mahaifinsa, Malam Badamasi, manomi mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda fuka ta sa a gaba. Da can sai ta shekara ba ta leƙo ba. Bana kuwa tunda damina ta zauna, ta tare a ƙirjinsa kamar gidan ubanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwa kullum, itace a jiƙe, kara a jiƙe, da la'asar ta yi kowane gida a unguwar zai hura wuta, hayaƙin ya ƙi tashi sama, ya kwanta a lungu yana bin ɗakuna kamar mai neman aron gishiri. Sau uku cikin wata biyu Mujitaba yana ɗaure tsohon a bayansa da rawani ya kai shi asibiti a Kiru, yana jin numfashinsa a ƙeyarsa kamar ana busa ƙaramin usur.

A karo na uku ne Yaya Ghali ya zo daga Kano. Ghali shi ne babba, ɗan kasuwar yadi, mutumin da ba ya maimaita magana. A barandar asibiti ya yanke hukunci: in aka sake dawowa da Baffa nan, ko da sau ɗaya ne, to daga gadon asibiti sai mota, sai gidansa na birni, inda da gas ake girki kuma likita yana kusa. Baffa ya ji. Sai da Ghali ya tafi, sannan ya kama hannun Mujitaba.

"Auta, a gidan nan aka yanke min cibiya. Kada ka bari a kai ni inda zan wuni ina kallon bango."

Shi ke nan, tsoho ya ɗora masa kaya ya koma barcinsa. Wani fasinja ne, ma'aikacin lafiya, ya ba Mujitaba labarin injin a kan hanyar Bebeji, washegari ya kama hanyar Kano.

Mai shagon, wani gajere mai tabarau da ake kira Bature, bai yi saurin miƙo kaya ba. Tambayoyi ya jero masa kamar a caji ofis.

"Ɗakin ƙafa nawa ne?"

"Ɗaki dai. Irin na mutane."

"Malam, akwai ɗakin da tabarma biyu ke cikawa, akwai wanda za a ɗaura aure a ciki. Ka kai ƙaramin inji babban ɗaki, ka ɗaura wa akuya garma ke nan."

Mujitaba ya rufe ido ya taka ɗakin Baffa a zuciyarsa. Taku biyar tsawo, huɗu faɗi.

"Wuta fa?"

"Takan zo mana gaisuwar sallah. Amma ina da sola, faranti biyu da batir ɗaya."

Bature ya wuce manyan da Mujitaba ke ta kallo, ya ɗauko wani fari mai tsawon turmi, ya ce wannan bai kai fanka cin wuta ba. Ya buɗe bayansa ya nuna masa kayan ciki.

"Fanka ce kawai, ba aljani. Tana zuƙo iskar ɗaki ta nan. Ragar farko ta kama gashi da yana. Wannan farar mai ninki-ninki ita ce filta, uwar tafiya, ita ke riƙe hayaƙin da ido ba ya gani. Baƙar nan gawayi ne, aikinta shanye wari. Sai iska ta fito ta sama a wanke."

"To ai soson iskar babur ne da ya yi boko."

"Kusan haka. Sai dai wannan ba a wanke ta, in ta cika sai sabuwa. Duk injin da za ka saya, ka fara tambaya ko ana samun filtarsa a gari. In ba a samu, ka sayi kujerar zama mai tsada." Ya nuna wata 'yar fitila a goshin injin. "Shuɗi, iska lafiya. Ja, da sauran aiki. Kada a jingina shi da bango. Abu na ƙarshe, a rufe ƙofa. Ba Yako gaba ɗaya zai tace maka ba."

Mujitaba ya ce to. Irin "to" ɗin da ɗan acaɓa ke ce wa fasinjan da ya ce a tafi a hankali.

Ɗakin Baffa shago ne a jikin zaure, ƙofarsa tana kallon titi. Nan Mujitaba ya girke injin, ya zare ledar da aka naɗe filta da ita, ya ja waya daga batir ta saman katanga. Da ya danna, abin ya fara wani ɗan huci mai laushi, fitila ta yi ja. Baffa ya ƙura masa ido daga kan gado.

"Yanzu wannan tulun shi zai yi min numfashin?"

"A'a Baffa, kai za ka yi abinka. Shi tankaɗe kawai zai yi maka."

Inna Barakatu, mahaifiyarsu, ta zagaya injin sau biyu hannunta a baya. Ta sunkuya ta tsince ledar da Mujitaba ya yar, ta ninke ta huɗu ta soke a zani. Bai kula ba. Inna ba ta taɓa barin leda ta kwana a ƙasa ba. Rediyon da Ghali ya kawo mata shekara shida da suka wuce har yau da ledarsa, katifarta ma haka, in ta juya a kai sai ka ce ana tafiya cikin busasshen ganye.

Kwana uku na farko Mujitaba ya ga kamar da sauƙi. Daga na huɗu komai ya koma gidan jiya. Da la'asar Baffa zai zauna ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na hawa da sauka, ya lalubi abin shaƙar da aka ba shi a asibiti a ƙarƙashin filo. Mujitaba ya daina ɗaukar fasinja mai nisa. In an ce Tudun Wada ya ce ba mai, in an ce Doguwa ya ce tayarsa ta yi sanƙo. Duk ƙarar waya gabansa sai ya faɗi. Barci ya zama na zomo, idanunsa suka yi ja kamar fitilar injin, wadda ita ma ba ta ƙara komawa shuɗi ba. Har ya fara tsara irin zagin da zai yi wa Bature, mai baiti-baiti.

Ranar Talata da hantsi ya dawo ɗaukar ruwan sha, ya tarar an tura injin kusurwa, an manna shi da bango, an lulluɓe kansa da wani kyalle mai surfani, an ɗora kwanon goro a kai. Ya sauke kwanon. Ya yaye kyallen. Ya kara hannu a sama, ba iskar kirki. Ya buɗe baya. Ga filta nan zaune cikin ledarta, an ƙulle bakin da zare, tsaf kamar kayan lefe.

"Inna!"

Ta leƙo da muciya a hannu. "Kai, lafiya kake kirana kamar gobara?"

"Wa ya mayar da ledar nan?"

"Ni ce. Abu fari tas, kwana uku na leƙa na ga ya fara baƙi. Ku 'ya'yan yanzu ba ku san tattalin kaya ba. Da na bar shi ai kafin wata ya zama gindin tukunya."

Mujitaba ya zauna a ƙasa daɓas. Ya so ya yi dariya, ba ƙarfi.

"Inna, baƙin nan shi ne aikinsa. Duk abin da kika gani a jikinta, da a ƙirjin Baffa zai kwana. Kin ɗauki rariya kin toshe ta da leda, kina jiran gari ya sauka."

Inna ta dubi mijinta, ta dubi ledar. "To ai ba ka faɗa ba."

"Na faɗa yanzu."

"Kyallen fa? Ƙura za ta hau masa kai."

"Ta hau, Inna. Kansa ne."

Daga kan gado Baffa ya yi dariya har ta koma tari. Leda ta fita. Wannan karon Mujitaba da kansa ya cusa ta a aljihu ya tafi da ita tasha.

Saura ƙofa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ƙofar shagon Malam Badamasi ba ta taɓa rufuwa da rana ba. Asabari ne kawai, shi ma a naɗe. Mai wucewa ya yi sallama ya amsa, mai rigimar iyakar gona ya shigo a sasanta, masu dubiya kuwa tun da ciwon ya yi tsanani ba sa yankewa. A Yako dattijo ya rufe ƙofa da rana, ɗayan biyu ne: ko yana cin abin da ba ya so a gani, ko ya fara jin kansa.

"In rufe ƙofa mutane na wucewa?" in ji Baffa. "To me ya raba nan da gidan yayanka?"

"Awa uku, Baffa. Daga la'asar zuwa a sauke tukwane. Can kuwa har abada ne."

"Su ce na zama mai rowar gaisuwa."

"Su ce. Mai rowar gaisuwa a Yako ya fi mai kyauta a Kano."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Awa biyu."

Aka yi ciniki a kan biyu da rabi. Mujitaba ya toshe ƙasan ƙofar da tsohon buhu, ya liƙe tagar baya da kwali. Inna, ba wanda ya ce mata, ta kwashe murhunta daga bakin zaure ta mayar da shi can ƙarshen gida kusa da rumbu, tana yi tana mita cewa an mai da ita baƙuwa a gidanta. Ranar da aka fara rufewa Mujitaba ya zauna ciki tare da Baffa. Fitila ta yi ja, injin ya yi ta gurnani. Bayan kamar rabin awa gurnanin ya sauka, ja ya koma ruwan goro, can sai ga shuɗi. Suka zuba masa ido su biyu kamar masu duban wata.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Mujitaba ya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ranar da hadari ya wuni batir ya yi sanyi, sai ya kashe ƙwan ɗakinsa ya hana kowa cajin waya, don injin ya kai magariba. A kwana na shida ya shigo da azahar ya tarar da Baffa kwance a miƙe, ba filo uku, yana barci baki buɗe ba usur. A kwana na tara tsohon ya taka har gonar bayan gari ya ga masararsa ta fara fitar da gemu, ya dawo yana faɗan an bar ciyawa. Da Baffa ya dawo faɗa, Mujitaba ya san sauƙi ya samu. Ya kira Ghali ya gaya masa.

"Mu gani dai," in ji Ghali. "Ni ban yarda da fankar da aka sa wa riga ba."

A kwana na goma sha biyu Dikko ya iso.

Dikko Bafulatani ne daga gindin duwatsun Doguwa, aminin Baffa tun suna samari. Shanun Baffa shekara arba'in suna hannunsa. Labarin ciwon ne ya kai masa a makare, ya taso tun asuba, ya yi tafiyar ƙafa cikin taɓo kafin ya sami mota, ya sauka a Kwanar Dangora ya hau babur. Ya iso da hantsi, wandonsa jiƙe har gwiwa, da goran nono da wani ƙullin tsumma a rataye a sanda.

"Kaɗo, an ce kana neman ka mutu ba ka sallame ni ba."

"Ina zan mutu in bar maka shanuna, ɗan daji?"

Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Mujitaba ya durƙusa ya gaishe da Kawu Dikko, ya ga yadda fuskar Baffa ta washe, ya ji daɗi, ya hau babur ya koma tasha. Ƙullin tsumman nan ya gan shi sarai. Ya ɗauka daddawa ce.

Da azahar ya dawo cin abinci, tun daga bakin lungu ya hango ƙofar shago a rufe. Ya yi mamaki, don lokacin rufewa bai yi ba. Da ya matso sai ya ga wani siririn hayaƙi yana fita ta saman ƙofar. Ya yar da babur bai ko kafe shi ba.

Ya banka ƙofa. Hayaƙi ya buge shi a fuska, mai ɗaci, mai warin sassaƙe da ƙaho. A tsakiyar ɗaki ga kasko da garwashi, Dikko tsugune yana barbaɗa wani gari a kai. Baffa na zaune a bakin gado an lulluɓa masa bargo har ka. Injin yana gefe shiru, wayarsa a ƙasa.

"Rufe, yaro, rufe! Maganin zai fita!" in ji Dikko.

Mujitaba ya sure kaskon da hannu, bai ji zafin ba sai daga baya, ya watsar a titi. Ya yaye bargon. Baffa ya ɗago, idanunsa sun firfito, leɓensa ya yi toka-toka, yana jan iska iskar tana ƙin zuwa.

"Wa ya kashe injin?"

Inna ce ta amsa daga zaure. "Malam ne ya ce in zare. Da aka sa turaren sai ya yi ja ya kama ihu, hayaƙin yana tashi yana zuƙewa. Dikko ya ce yana shanye maganin."

"Shanyewa yake," in ji Dikko, yana miƙewa. "Da idona na gani. Ina zubawa yana haɗiyewa. Wannan magani kakana da shi ya..."

Bai ƙarasa ba, don Baffa ya sulale gefe. Mujitaba ya danna masa abin shaƙa sau biyu, sau huɗu, ba labari. Ba lokacin neman rawani. Ya ɗora shi a babur, Dikko ya hau baya ya rungume shi, su uku suka kama hanyar Kiru. Ranar Guguwa ya ci sunansa. Taɓo ya yi ta fallatsa, awaki suna tsalle, shi kuwa abu ɗaya yake saurare, ɗan usur ɗin nan a ƙeyarsa, yana roƙon Allah kada ya yi shiru.

Bai yi shiru ba. Aka sa wa Baffa robar iska a fuska, aka yi allura, aka ɗaura ruwa. Kafin la'asar kafaɗunsa suka daina hawa da sauka. Wata ma'aikaciya ta ga tafin hannun Mujitaba ya tashi, ta shafa masa magani ta naɗe. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gado. Ta taga yana hango Dikko a baranda, tsugune, sandarsa a kafaɗa, an miƙa masa ruwa ya ƙi karɓa.

Inna ta riga ta sa an kira Ghali. Yana hanya.

Mujitaba ya fara shirya maganarsa. Ai wannan ba ta cikin lissafi. Injin ya yi aiki, kwana goma sha ɗaya shaida ne, har gona Baffa ya je. Wannan hayaƙin kawo shi aka yi a tsumma, aka rufe ƙofa, aka zare waya. Ghali mai zafi ne amma ba azzalumi ba ne. In ya ji haka zai yi faɗa, ya yi faɗa, ya ɗaga tafiyar da wata guda. Wata guda kuwa damina ta ja baya, itace ya bushe.

Sai ya ji an taɓa masa kai. Baffa ne, ya janye robar daga bakinsa.

"Auta."

"Baffa mayar da abin nan."

"In yayanka ya zo... kada sunan Dikko ya fito."

Mujitaba ya juyo gaba ɗaya. "Baffa, in ban faɗa ba tafiya da kai zai yi."

"Na sani."

"Kai fa ka ce kada in bari."

"Na ce." Ya huta, ya ja iska. "Ka san bakin yayanka. A gaban mutane zai wanke shi. Mutumin nan... shekara arba'in, ko ɗan maraƙi bai taɓa ɓata min ba. Da ƙafa ya taso. Ni na ce a zare waya, ba shi ba."

"To in ce kai ne."

"Ya tambaya wa ya kawo garin. Ka ce wa?"

Mujitaba ya buɗe baki. Baffa ya mayar da robar ya rufe ido, alamar an tashi daga zaman.

Ghali ya iso ana kiran magariba, shaddarsa duk ta yamutse da zaman mota. Ya gaisa da Dikko a baranda da hannu biyu, har da yi masa godiyar ɗawainiya. Ya shigo ya tsaya kan Baffa ya daɗe yana kallonsa. Likitan da ke zagaye ya tsaya ya ce masa da sauƙi, hayaƙi ne ya shaƙa mai yawa, a kiyaye, ya wuce gado na gaba.

Ghali ya juyo. "Hayaƙi. Ina injin naka da ka cika min kunne?"

Dikko ya matso bakin ƙofa yana jin su. Inna, da ta biyo su daga baya, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Idon Baffa a rufe, amma Mujitaba ya san ba barci yake ba.

"Yana gida, Yaya."

"Ba inda yake na tambaye ka ba. Ya yi aiki ko bai yi ba?"

Mujitaba ya dubi hannunsa da aka naɗe.

"Bai yi ba."

"Me ya sami hannunka?"

"Salansar babur ce."

"Na gaya maka," in ji Ghali, ba ma da faɗa ba, da gajiya. "Ka bar wani ɗan birni ya sayar maka da fanka, ka zauna kana wasa da ran tsoho. Ba laifinka ba ne, ƙuruciya ce. Jibi in an sallame shi mu wuce."

"To, Yaya."

Jibin ta zo da yayyafi. Inna ta kawo jakar kayan Baffa daga Yako, da buzunsa da butarsa, ita ma ta shiga bayan mota, za ta raka shi ta ga wurin kwana. Baffa ya sa aka sauke gilashi. Ya ce wa Mujitaba a cire ciyawar masara kafin Juma'a, a duba rumbu ta gabas yana yoyo, kuma duk wanda ya zo dubiya a ce masa ya gode. Ya miƙa wa Dikko hannu ta taga.

"Ɗan daji, ka kula min da jar saniyar nan."

"Allah ya tashi kafaɗunka, Kaɗo."

Mota ta ja. Suka tsaya suna kallo har ta sha kwana. Sannan Dikko ya gyara sandarsa ya ce ko yaro zai sauke shi inda zai sami motar Doguwa.

Suka hau. Yayyafi yana dukan fuskar Mujitaba, hannunsa mai ciwo yana zugi a kan totur. Sai wajen wata gada Dikko ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Yaro, da tulun nan naka bai shanye rabin maganin ba, da yanzu ya warke." Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. "Ko ba haka ba ne?"

Amsoshi sun kai goma a bakin Mujitaba, kowacce da kaifinta. Ya ji yadda yatsun tsohon suka damƙe masa riga.

"Haka ne, Kawu," in ji shi. "Riƙe ni da kyau, akwai rami a gaba."